Ɗan Birkila Mai Lamba 80: Nazari Kan Jerry Rice

A watan Afrilun 1985, ranar da ƙungiyoyin NFL, babbar gasar zari-rugar Amurka, suka zauna zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, sai da aka kira mutum 15 kafin a zo kan Jerry Rice. Biyu daga cikinsu, Al Toon da Eddie Brown, sana'arsu ɗaya da tasa, wato cafe ƙwallo. Dukansu sun taka rawar gani daidai gwargwado, amma babu wanda ya wuce kakar wasa takwas. Rice ya yi 20. Ranar da ya ajiye, ya cafe ƙwallo sau 1,549, ya ci yadi 22,895, ya kai ƙwallo gida sau 208. Har yau babu wanda ya matso kusa da shi a yawan yadi ko a yawan kai ƙwallo gida.

Idan ana ba da labarinsa, abu biyu ake yawan kawowa: bulon da ya riƙa cafewa yana yaro, da tudun da ya riƙa hawa da gudu yana babba. Duka gaskiya ne. Sai dai labarin da aka tsaya a nan ya bar rabin magana a baya, domin mai cafe ƙwallo ba ya cin gashin kansa. Komai ƙwazonsa, sai wani ya tsara masa hanya, wani ya jefo masa. Lamarin Rice na mutum ne da ya faɗa cikin tsarin da aka ɗinka daidai jikinsa, kuma ya yi wa tsarin hidimar da babu wanda ya yi.

Aikin da ake magana a kai

Zari-rugar Amurka wasa ne na cin ƙasa. Tsawon fili yadi 100 ne, kowane ɓangare mutum 11. Masu kai hari suna da dama huɗu su ci yadi 10. In sun ci a sabunta musu, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya tsallaka da ita layin ƙarshe ya samu maki 6, abin da suke kira tacdawun, wato kai ƙwallo gida. Jagoran hari shi ne kwatabak, mai jefa ƙwallo. Mai cafewa yana tsayawa can gefen fili, ana fara wasa ya zura da gudu a kan hanyar da aka riga aka tsara masa: taku kaza gaba, sannan ya karya ciki ko waje. Mai jifa ba ya jiran ya ga abokinsa ya isa. Sau da yawa ƙwallo tana barin hannunsa tun mai cafewa bai juyo ba, domin ƙarti masu nauyin kilo 130 suna tafe kansa, daƙiƙa uku kawai gare shi ko ƙasa da haka. Ke nan inda mutum zai kasance ake jefa wa, ba inda yake ba. Mai cafewar da ya ƙara taku ɗaya ko ya rage, ya miƙa wa abokan hamayya ƙwallo a ɓagas.

Duk wanda ya riƙe wannan ya riƙe mabuɗin labarin.

Crawford da Itta Bena

An haifi Rice ranar 13 ga Oktoban 1962 a Starkville ta jihar Misisipi, ya tashi a wani ɗan ƙauye mai suna Crawford, cikin gida mai 'ya'ya takwas. Mahaifinsa birkila ne. Lokacin hutun bazara yaran kan bi shi wurin gini, ɗaya yana ƙasa yana wurgo bulo, Jerry yana sama yana cafewa, irin yadda leburori ke cilla wa magini tubali a kan katanga a garuruwanmu. 'Yan jarida sun ƙaunaci wannan labari, suka ce a nan hannunsa ya gwanance. Ni ban gamsu ba. Bulo da ƙarfi ake damƙarsa, ƙwallo kuwa da taushin yatsu ake karɓarta. Abin da aikin gini a zafin Misisipi ke koya wa yaro shi ne tashi da asuba da jure maimaita abu ɗaya har rana ta faɗi, kuma wannan ne ya bi shi har ƙarshen sana'arsa.

Shigarsa wasa ma da gudun makaranta ta fara. Wani shugaba a sakandaren B.L. Moor ya ritsa shi ya tsallake aji, yaro ya ranta a na kare. Bayan horo, sai aka miƙa shi ga kocin ƙwallo saboda saurin da aka gani.

Manyan jami'o'in ƙwallo ba su neme shi da gaske ba. Ya tafi Mississippi Valley State da ke Itta Bena, ƙaramar jami'a daga cikin waɗanda aka kafa wa baƙar fata zamanin wariya. Kocinta Archie Cooley mutum ne mai son a yi ta jifa babu ƙaƙƙautawa, a lokacin da yawancin jami'o'i ke dogaro da gudu da ƙwallo a ƙasa. Da mai jifa Willie Totten, Rice ya cafe ƙwallo 24 a wasa ɗaya da jami'ar Southern a 1983. A 1984 ƙungiyar tana cin kusan maki 60 a kowane wasa, shi kuma ya cafe tacdawun 27 a kakar. Filin wasan jami'ar yanzu sunan su biyun yake ɗauke da shi.

To me ya hana a ɗauke shi da wuri? Masu farautar 'yan wasa sun kawo dalili biyu. Na ɗaya, sun ce da ƙananan makarantu ya kara, don haka alƙalumansa kumburi ne. Na biyu, agogo. A NFL ana auna mai cafewa da gudun yadi 40, kuma lokacin da aka riƙa ambata wa Rice, tsakanin daƙiƙa 4.6 da 4.7, na matsakaicin ɗan wasa ne. Matsalar wannan awo ita ce ana yinsa da gajeren wando, a miƙe, babu hular kwano, babu mai bin ka, babu ƙwallo a sama. Ba ya nuna ko mutum yana rage gudu idan zai karya kwana, ko yana tsayawa ya jira ƙwallo maimakon ya karɓe ta yana cikin tafiya. A waɗannan biyun Rice ya bambanta da kowa, kuma agogon awo ba ya ganinsu.

Mutumin da ya gani

Bill Walsh, kocin San Francisco 49ers, ya gani. A wani daren Asabar na Oktoban 1984, yana ɗakin otal a Houston kafin wasansu da Oilers, ya ci karo da gutsattsarin wasan Mississippi Valley a talabijin. 49ers sun ɗauki kofi a kakar, saboda haka su ne na 28, na ƙarshe a layin zaɓe. Walsh ya yi musayar gurabe da New England Patriots ya hau na 16, gurbi ɗaya gaban Dallas Cowboys da ake jin su ma sun sa masa ido.

Dalilin da Walsh ya yarda ya biya wannan farashi yana cikin irin tsarinsa. Tun yana mataimakin koci a Cincinnati ya samu kansa da mai jifa Virgil Carter, mai saiti amma marar ƙarfin dogon jifa, sai ya gina hari a kan gajerun jifa masu sauri da aka ɗaure da ƙidayar taku. Mai jifa ya ja baya taku uku ko biyar, ƙafarsa ta ƙarshe na sauka ƙwallo ta tashi. Jifan yadi shida ne, amma in mai cafewa ya karɓa yana cikin gudu, zai iya mayar da shi yadi 60. Dokar wasa ma ta riga ta share hanya: tun 1978 aka hana mai tsaron baya bangazar mai cafewa da zarar ya wuce yadi biyar daga layin farawa. Abin da tsarin yake nema shi ne mutum mai tsawo, wanda ba ya tsoron shiga tsakiyar fili inda ake cin duka, wanda takunsa ba ya sauyawa daga Litinin zuwa Lahadi.

Farkon dai bai yi daɗi ba. A kakarsa ta farko ƙwallaye sun yi ta zubewa daga hannunsa, har magoya baya a filin Candlestick suka riƙa yi masa ihu. Kundin dabarun Walsh ya yi masa yawa, yana gudu yana lissafin inda zai juya, ƙwallo ta iso hankalinsa na wani wuri. Sai a Disamba, a wasan daren Litinin da Los Angeles Rams, abin ya saki: cafewa 10, yadi 241. A 1986 ya fi kowa a gasar da yadi 1,570. Duk da haka kakar ta ƙare masa da abin kunya. A wasan sili-ɗaya-ƙwale da New York Giants cikin Janairun 1987, ya cafe ƙwallo a farkon wasa, ya wuce kowa, fili fetal a gabansa, sai kawai ta suɓuce daga hannunsa babu wanda ya taɓa shi. An lallasa su 49 da 3.

Kakar da ta biyo baya 'yan wasa suka yi yajin aiki, ya buga wasa 12 kacal, ya cafe tacdawun 22. Sai bayan shekara 20 Randy Moss ya yi 23, shi kuma a wasa 16.

Miami, Janairun 1989

Wasan da ya fi nuna yadda aikin yake shi ne Super Bowl na 23, wato wasan ƙarshe na cin kofin NFL, da Cincinnati Bengals. Rice ya shiga da ciwo a idon sawu. Saura minti uku da 'yan daƙiƙoƙi, Bengals na gaba 16 da 13, 49ers suna kan yadi na takwas daga gidansu, wato yadi 92 ke gabansu. Mai jifa Joe Montana ya riƙa tura su da gajerun jifa, wannan ga Roger Craig, wancan ga Rice. Da laifi ya mayar da su baya suna neman yadi 20, Rice ya ratsa tsakiya, ya karɓa yana gudu, ya ci 27. Daga nan idon duk masu tsaron Cincinnati ya koma kansa. A jifan ƙarshe sai ya taso daga gefe ya gitta kafin a fara, tsaro ya karkata ya bi shi, Montana ya sakar wa John Taylor, wanda bai cafe ko ɗaya ba duk ranar. Saura daƙiƙa 34, aka tashi 20 da 16.

Rice ya gama da cafewa 11 da yadi 215, adadin da har yanzu ba a wuce ba a Super Bowl, aka ba shi gwarzon wasa. Amma ƙwallon da ta ci kofin ba ta taɓa hannunsa ba, aikinsa a nan shi ne janye mutane. Bayan wasan ya fito ya koka cewa kafafen yaɗa labarai sun fi ba Montana da Walsh muhimmanci, kuma tallan Disney da aka saba bai wa gwarzon wasa Montana aka ba. Wasu sun ga ƙorafin kamar son kai. Ina ganin yana da hujja, ko da yake haka sana'ar ta gada: mai jifa ake ɗora wa nasara.

Ko Montana ne ya yi shi?

Wannan tambaya ta daɗe tana yawo, kuma alƙaluma sun amsa rabinta. Walsh ya sauka bayan wasan Miami. Montana ya ji ciwo a gwiwar hannu a 1991, daga baya ya koma Kansas City. Steve Young, bahago, ya gaje shi, kuma ƙwallon bahago juyawarta daban take zuwa hannu. Montana ya jefa wa Rice tacdawun 55 a wasannin kaka, Young ya jefa masa 85. A Satumban 1994 ya wuce Jim Brown a yawan tacdawun, a Janairun 1995 ya ci uku a Super Bowl da San Diego da kafaɗa a goce. Kakar 1995 ta fi ƙarfin hujja, domin Young ya yi jinya na wasu makonni, mai jiran gado Elvis Grbac ya riƙe. A Dallas, a taɓa ƙwallo ta biyu a wasan, Grbac ya sakar masa gajeren jifa a tsakiya, ya tafi da ita yadi 81 har gida. Ya rufe kakar da cafewa 122 da yadi 1,848 yana da shekara 33. To ba mai jifa ɗaya ba ne sirrin.

Ɗaya rabin amsar ba a cika faɗarta ba. A duba inda ya je bayan San Faransisko. Oakland Raiders: Jon Gruden, wanda ya yi ƙaramin mataimaki a 49ers a 1990. Seattle: Mike Holmgren, tsohon mai tsara harin 49ers. Denver: Mike Shanahan, shi ma haka. Shekara 20, in ban da 'yan makonni a 2004, Rice bai fita daga gidan Walsh ba. Sunayen dabaru da ƙidayar taku da ya sha wahalar haddacewa a 1985 su ya ci gaba da amfani da su har ya tsufa, yayin da wasu gwanayen ke sake koyon sabon kundi duk bayan shekara biyu saboda an kori koci. Calvin Johnson, wanda ya karya tarihin yadi na kaka ɗaya da 1,964 a 2012, ya fi Rice girman jiki da gudu, amma a Detroit ya ƙare rayuwar wasansa, ƙungiyar da ta taɓa yin kaka guda ba ta ci wasa ko ɗaya ba yana cikinta. Ya ajiye yana da shekara 30. Wannan ba ya rage wa Rice komai, sai dai duk mai kwatanta su ya sa shi a ma'auni.

Tudu da gwiwa

Inda babu wanda zai ce tsari ne ya yi masa shi ne daɗewa. Zuwa ƙarshen kakar 1992, shekarar da ya cika 30, yana da yadi 10,273. Bayan nan ya ƙara 12,622. Wannan ƙarin kaɗai ya fi abin da Calvin Johnson ya tara a duk rayuwarsa, 11,619, kuma shi ma Johnson yana zauren gwarzaye, inda ake karrama fitattun wannan wasa.

Roger Craig ne ya kai shi tudun da ke gandun Edgewood, kusa da Redwood City a Kalifoniya, hawan kimanin kilomita 4 da ƙarshensa ya fi ko'ina tsayi. Lokacin hutu, sa'ad da wasu ke zuwa sansanin horo don rage teɓa, shi yana zuwa ne a shirye. A wurin atisaye kuma yana da wata ɗabi'a da ta fara ba abokansa dariya kafin su kwaikwaya: duk ƙwallon da ya cafe, ko ta yadi biyar ce, sai ya ruga da ita har layin ƙarshe sannan ya dawo. Amfanin duk wannan a rubu'in ƙarshe na wasa yake fitowa. Mai tsaron da ya fi shi gudu a minti na farko, zuwa minti na 55 ƙafarsa ta yi nauyi, Rice kuwa takunsa na nan yadda mai jifa ya san shi.

Wannan hali yana da nasa tsadar. A wasan farko na kakar 1997, Warren Sapp na Tampa Bay ya fizgo shi ta ƙarfen hular kwano, jijiyoyi biyu na gwiwarsa ta hagu suka tsinke. Kafin nan ya buga wasa 189 a jere. Irin wannan ciwo kaka guda yake ci, amma ya matsa sai da ya dawo cikin wata uku da rabi, a daren da ake karrama rigar Montana. Ya cafe tacdawun a kan Denver, ya faɗo, ƙoƙon gwiwar da aka yi wa aiki ya tsage. Ya rasa wasannin sili-ɗaya-ƙwale, lokacin da ƙungiyar ta fi buƙatarsa. Garaje ne, kuma wanda ya kamata ya taka masa birki bai taka ba.

Ya dawo a 1998 da yadi 1,157, amma ƙungiyar ta riga ta samu matashin mai cafewa Terrell Owens. A wasansa na ƙarshe a Candlestick da rigar 49ers, Disamban 2000, ranar da aka keɓe don yi masa ban kwana, Owens ne ya cafe ƙwallo 20 ya kafa sabon tarihin gasa. Da ƙa'idar iyakance albashi da aka shigo da ita a 1994, riƙe ɗan shekara 38 mai tsada ya zama nauyi, aka sallame shi a Yunin 2001. Ya koma Oakland, ya yi yadi 1,139. A 2002, yana da shekara 40, ya cafe 92 ya ci yadi 1,211, ya kai Super Bowl na huɗu, inda Tampa Bay ta su Sapp, ƙarƙashin Gruden da ya koma can, ta doke su 48 da 21.

Ƙarshen ya ja fiye da kima. A Satumban 2004 aka yi wasan da bai cafe ko ɗaya ba, karo na farko bayan wasa 274 a jere, ya fusata a gefen fili duk da ƙungiyarsa na kan nasara. Aka miƙa shi Seattle. A 2005 ya je Denver, da ya ga a bayan matasa za a jera shi, ya ajiye kafin a fara kaka. An shigar da shi zauren gwarzaye da ke Canton a jihar Ohio a 2010, 49ers kuma suka jingine lamba 80.

Akwai tabo ɗaya da shi da bakinsa ya tona. A 2015 ya faɗa a wata hira da ESPN cewa ya riƙa fesa ɗan danƙo a safar hannunsa, abin da gasar ta haramta tun 1981. Ya kare kansa da cewa kowa na yi a lokacin, wasu takwarorinsa suka ce su ba su yi ba. Danƙo ba ya hawa tudu, ba ya ƙirga taku, amma doka doka ce, kuma maganar ta fito ne daidai lokacin da yake sukar New England kan zargin sace iskar ƙwallo.

Game da ko za a kamo shi, yanayi yana bayan 'yan yanzu. Ana jifa fiye da zamaninsa, doka ta ƙara kare mai cafewa daga duka, kuma tun 2021 kaka ta koma wasa 17. Duk da haka Larry Fitzgerald, na biyu a jerin, ya yi kaka 17 a Arizona ya tsaya a yadi 17,492, ratar fiye da 5,400. Matashin da zai fara bana, in ya ci yadi 1,200 kowace kaka, babu ciwo babu fashi, shekara 19 a jere, zai tashi da 22,800. Saura 95.